Huɗu Cikin Goma: Abin da Allurar Zazzaɓin Cizon Sauro Take Yi wa Yaran Gaya

Ranar Alhamis, 19 ga watan Satumba na 2024, ministan lafiya na Nijar, Garba Hakimi, ya ƙaddamar da allurar riga-kafin zazzaɓin cizon sauro a garin Gaya na jihar Dosso. Da Gaya aka fara a duk faɗin ƙasar, kuma wanda ya san garin ba zai tambayi dalili ba. Nan ne ƙuryar kudu, inda ruwan sama ya fi sauka a Nijar, kusan milimita 800 a shekara. Ga kogin Isa a gefe, ga fadamun Dallol Mawri da Dallol Foga, ga gonakin shinkafa na Tara, ga lambunan rake. Ruwan da ya sa ƙasar Dandi ta yi albarka shi ne yake kwanciya a kududdufai da sawun shanu, macen sauro ta zuba ƙwai, cikin kwana goma ko kusa da haka sabon sauro ya tashi. Daga Agusta zuwa kaka, ɗakin kwantar da yara na kowane asibiti a yankin ya isa shaida.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 wannan cuta ta kashe mutum 597,000, kashi 95 cikin 100 a Afirka, kuma uku cikin huɗu na waɗanda suka rasu a nahiyar yara ne da ba su kai shekara biyar ba. Ƙasashe huɗu ne suka ɗauki fiye da rabin mace-macen duniya. Najeriya ce a gaba, Kongo tana biye, sai Nijar ta uku, ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 30 ba.

To, ga abin da yake faruwa, kuma zai ci gaba da faruwa. Uwa ta goya ɗanta ta kai shi an yi masa allura ta farko, ta biyu, ta uku. Damina ta yi nisa, wani dare jikin yaron ya ɗau zafi, da safe aka ɗiga jininsa a kan ɗan allon gwaji, layi biyu suka fito. Maƙwabciya ta ce, "Ai na faɗa miki, Yaya, wahalar banza kike yi." Maƙwabciyar ba ta yi ƙarya a kan abin da idonta ya gani ba. Laifin yana wuyan wanda bai yi wa matan nan biyu bayani ba tun farko. Masu allurar ba su taɓa cewa tana hana zazzaɓin ɗungurungum ba. Cewa suka yi, a cikin kowane karo goma da yaro zai kamu a tsawon shekara huɗu, tana kawar da kamar huɗu. Ni kam wannan huɗu cikin goma ce ta sa na amince da ita. Mai tallar magani da lasifika a tashar mota, nasa yana warkar da basir da shawara da ciwon baya da sanyin ƙashi, kuma a bakinsa bai taɓa kasawa ba. Maganin da aka auna ne kaɗai yake iya faɗin inda ƙarfinsa ya tsaya. Yadda aka kai ga wannan lissafi labari ne mai tsawo, kuma iyayen yara sun fi kowa cancantar jin sa.

A fara da ita cutar. Ƙwayar da take kawo ta, wadda masana ke kira Plasmodium falciparum, ƴar halitta ce mai rai, mai sauya kama daga mataki zuwa mataki. Wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, shi ya fara ganin ta a jinin majiyyaci a Aljeriya a 1880, kuma a 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin cikin sauro a Indiya. Idan macen sauro mai ɗauke da ita ta ciji yaro, ƙwayoyi kaɗan take tofa masa tare da yawunta, gommai ko ƴan ɗaruruwa. Waɗannan ba su ne suke sa zazzaɓi ba. Jini suke bi da sauri su shige hanta su ɓuya, yaro kuma yana wasansa lafiya lau. A cikin hantar kowace ƙwaya ɗaya tana hayayyafa ta zama dubbai, wani lokaci har dubu 30. Bayan kamar mako ɗaya sai su fashe su fantsama cikin jini, su shiga jajayen ƙwayoyinsa, su ci, su ninka, su fasa su duk bayan kwana biyu. A nan zafin jiki da rawar ɗari suke farawa. A nan ne kuma jinin yaro yake ƙarewa har tafin hannunsa ya yi fari, ko ƙwayoyin da suka kamu su toshe ƙananan hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa, ya shiga jijjiga da suma.

Allurar da aka kawo Gaya, mai suna RTS,S, a ɗan tsakanin nan take tare ƙwayar, daga cizo zuwa hanta. A wannan mataki wani sinadari guda ne ya lulluɓe jikinta. Masu bincike suka ɗauki wani yanki na sinadarin, suka haɗa shi da wanda ake yin allurar ciwon hanta nau'in B da shi, suka sa yis ya riƙa ƙera musu haɗin a manyan tukwanen masana'anta. Babu ƙwayar cutar a cikin kwalbar, mai rai ko matacciya, saboda haka allurar ba za ta iya sa wa yaro zazzaɓin cizon sauro ba. Sai aka ƙara mata wani ruwa mai zaburar da garkuwar jiki, wanda ɗaya daga cikin kayan haɗinsa daga ɓawon wata bishiya ta ƙasar Chile ake tatso shi.

Aikinta irin na mai horar da ɗan kokawa ne: ya nuna wa yaronsa kamun abokin karawa tun kafin a shiga fili, don ranar da aka haɗu jiki ya riga ya san inda zai kare. Sai dai wannan karawa tana da wuya. Lokacinta gajere ne ƙwarai, kuma ko ƙwaya ɗaya ce ta kuɓuce ta isa hanta, ta isa ta haifar da ciwon. Dole ne jinin yaron ya kasance cike da kariya a daidai daren da sauron ya cije shi, ita kuwa kariyar raguwa take yi da tafiyar watanni, yadda ɗan kokawar da ya bar atisaye yake sanyi. Dalilin allura huɗu ke nan, uku a kusa da juna don a kai kariyar sama, ta huɗu daga baya don a sake ɗaga ta. Kowa ya san wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya ƙara yi, shi ya sa allurarta take da ƙarfi sosai, don jiki da kansa ya iya riƙe darasin. Amma dattijon da ya tsufa a Gaya ya yi zazzaɓin cizon sauro ba adadi, kuma bana ma zai iya yi. Ƙwayar ƙyanda ƙwayoyin gado 6 gare ta. Ta zazzaɓin cizon sauro tana da sama da 5,000.

Alamar farko cewa abin zai yiwu ta fito a 1967 a Jami'ar New York, inda Ruth Nussenzweig da abokan aikinta suka raunana ƙwayoyin da irin hasken da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi, suka yi wa ɓeraye allurarsu, ɓerayen suka samu kariya. Sai bayan shekara 20, a 1987, masu binciken kamfanin da yanzu ake kira GSK a Beljiyam, tare da cibiyar binciken sojan Amurka ta Walter Reed, suka haɗa RTS,S. Manya ƴan sa-kai aka fara da su a Amurka. Aka yi musu allurar, sannan da yardarsu aka bar sauro masu ɗauke da cutar suka cije su, likitoci na tsaye da magani. A sakamakon da aka buga a 1997, shida cikin bakwai da aka yi wa haɗin da ya fi kyau ba su kamu ba. Mutum bakwai sun yi kaɗan a yanke hukunci da su, amma sun isa a ci gaba. Aka je Gambiya aka gwada a kan maza manya, sannan Manhiça ta Mozambik a kan yara 2,022, aka buga sakamakon a 2004. Haka ƙa'idar take: manya kafin yara, kaɗan kafin da yawa.

Babban gwajin ya gudana daga 2009 zuwa 2014, a wurare 11 cikin ƙasashe bakwai: Burkina Faso, Gana, Gabon, Kenya, Malawi, Mozambik da Tanzaniya. Yara 15,459 ne suka shiga da izinin iyayensu. A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin dabarar da aka bi ita ce ginshiƙin duk wani binciken magani.

Da a ce an yi wa yaran wani ƙauye allura, aka ga zazzaɓi ya ragu a wannan shekara, da ba a san komai ba. Wataƙila damina ce ta yi ƙaranci. Wataƙila a shekarar aka raba sabon sange. Wataƙila kuma iyayen da suka fi kula ne suka kawo ƴaƴansu, waɗanda ko babu allura dama sun fi samun lafiya. Don a toshe waɗannan kafofi sai a raba yaran rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a. Kwamfuta ce take jefa ta, babu hannun likita, babu na mai gari. Wani rukuni aka yi masa allura huɗu, wani uku, wani kuma aka yi masa wata allura mai amfani wadda ba ruwanta da sauro. Waɗanda suka ɗan girma a cikinsu ta cizon mahaukacin kare aka yi musu. Uwa ba ta san wadda aka yi wa ɗanta ba. Likitan da zai duba shi ranar da ya yi zazzaɓi shi ma bai sani ba, don kada son rai ya shiga lissafi ko da ba da gangan ba. Rukunan damina ɗaya suka sha, sauron gari ɗaya ya cije su, yawancinsu suna kwana cikin sange, duk wanda ya kamu kuma an yi masa magani. Bambancin da ya rage a tsakaninsu a ƙarshe na allurar ne.

Ga abin da aka samu a yaran da aka fara yi wa suna tsakanin wata 5 da wata 17. A shekarar farko zazzaɓin ya ragu da kusan rabi. Da aka bi su shekara huɗu, waɗanda suka cika allura huɗu ya ragu musu da kusan huɗu cikin goma, mai tsananin kuma da kusan uku cikin goma. Waɗanda suka tsaya a uku, ribar da suka samu a kan zazzaɓi mai tsanani ta zube kafin ƙarshen gwajin. Wannan jimla ta ƙarshe da za a rubuta ta a bangon kowace cibiyar lafiya, da an yi daidai. Jarirai ƴan mako 6 zuwa 12 kuwa ba ta yi musu aiki sosai ba, shi ya sa ba a haɗa ta da alluran farko na jarirai ba, ake jira sai yaro ya kai wata biyar ko sama.

Wani zai raina huɗu cikin goma. Ya tuna cewa yaro a wuri irin Gaya ba sau ɗaya yake kamuwa ba. A cikin gwajin, kowane yara 1,000 da aka yi wa allura huɗu an kawar musu da karon zazzaɓi 1,774 idan aka haɗa wuraren duka, a Siaya ta Kenya kuwa, inda cutar ta fi tsanani, sama da 6,500. Inda ciwon ya fi yawa nan ribar ta fi yawa. Kowane karo da aka kawar, dare ne da uwa ta yi barci, kuɗin magani ne da ba a ranta ba, yini ne da ba a bar gona ba a tsakiyar noma.

Gwajin ya kuma fito da abubuwan da suka tayar da hankali, masu binciken kuma sun buga su yadda suke. An samu sanƙarau a rukunin allurar fiye da ɗayan, an kuma ga kamar mace-macen yara mata sun fi yawa a can. Adadin ƙanƙane ne, mai yiwuwa dace ne kawai, amma ba a jingina ran yaro da "mai yiwuwa". Saboda haka ko da hukumar magunguna ta Turai ta ba da ra'ayi mai kyau a Yulin 2015, Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta saki allurar ga kowa ba. Cewa ta yi a fara a wasu gundumomin Gana da Kenya da Malawi, ta hannun asibitocin gwamnati na yau da kullum, a sa ido. Aka fara a 2019. Alamun nan ba su tabbata ba, kuma ranar 6 ga Oktoba na 2021 hukumar ta amince da allurar. Da aka kammala lissafi, bayan an yi wa yara sama da miliyan biyu, sai aka ga mace-macen yaran da suka isa allurar, daga kowane irin ciwo, sun ragu da kashi 13 cikin 100, kwantar da su a asibiti saboda zazzaɓi mai tsanani kuma ya ragu da kashi 22. Illar da aka tabbatar ita ce zafin jiki na kwana ɗaya ko biyu da kumburi a wurin allurar, sai ƴan ƙalilan da zafin yakan jawo wa jijjiga a kwanakin farko, ta wuce ba ta bar lahani ba. Wajibi ne ma'aikacin lafiya ya faɗi wannan da bakinsa kafin uwa ta gani a gida ta tsorata.

Masu ɗari-ɗari da allura a ƙasar Hausa ba daga sama suka tsinto shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya shafi yara 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a nemi izininsu yadda ya kamata ba, shari'a ta ja har 2009 da kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dalar Amurka miliyan 75 ba tare da ya amsa laifi ba. Raɗaɗin wannan yana cikin abin da ya hura wutar ƙin allurar shan inna a 2003. Ƙa'idojin da ake bi yau saboda irin wannan aka tsaurara su: kwamitin ɗa'a na ƙasa ya duba kafin a fara, a nemi izinin uwa da uba a harshen da suke ji, a kafa hukuma mai zaman kanta da take da ikon tsayar da gwaji a tsakiya. Mai tambayar ko an bi waɗannan ƙa'idoji yana kan haƙƙinsa, kuma ba da tsawa ake amsa masa ba.

Binciken da ya fi kusa da halin Gaya a maƙwabtanmu aka yi shi. Tun 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa ba yaran Sahel, daga wata 3 zuwa shekara biyar, maganin kariya na damina, wanda a Nijar aka sani da CPS: kwana uku a jere, sau ɗaya a wata, har tsananin ya wuce. Nijar ta fara a 2013 a gundumomi irin su Magarya da Madawa. Sai Alassane Dicko na Mali da Jean-Bosco Ouédraogo na Burkina Faso, tare da abokan aikinsu na Landan, suka tambayi abin da zai faru idan aka haɗa maganin damina da allurar, aka kuma daidaita allurar dab da faɗuwar ruwa. Suka bi yara kusan 6,000 a yankunan Bougouni da Houndé shekara uku. A sakamakon da suka buga a 2021, yaran da suka samu biyun, idan aka kwatanta da masu maganin damina shi kaɗai, zazzaɓi ya ragu musu da kusan kashi 63 cikin 100, kwanciya asibiti saboda mai tsanani da kashi 70, mutuwa daga cutar da kashi 73. Allurar da ake raina ƙarfinta ita kaɗai, ga abin da ta yi da ta samu abokin aiki. Haka ma sange. Sauron yankinmu ya saba da maganin da aka daɗe ana jiƙa shi da shi, amma wani gwaji a yankin Cové na Jamhuriyar Benin ya nuna sabon sange mai magani biyu ya rage kamuwar yara da kashi 46 cikin 100 a shekara biyu, kuma a Maris na 2023 hukumar ta amince da shi.

Sai maganar kuɗi, wadda ta jinkirta aikin kusan yadda wuyar ƙwayar ta jinkirta shi. Kamfani ba ya son zuba dukiya shekara da shekaru a kan maganin da masu buƙatarsa ba su da kuɗin saye. Abin da ya tallafi RTS,S shi ne shigowar ƙungiyar PATH a 2001 da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates. Da aka gama, UNICEF ta ƙulla kwangila a 2022 ta allura miliyan 18 cikin shekara uku, a kan farashin da ya kai Yuro 9.30 kowace ɗaya, wato sefa 6,100. Na yaro ɗaya ya haura jika 24. Manomin Tara ba zai iya ba, baitulmalin Nijar ma da ƙyar. Ƙungiyar Gavi ce take biya, ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kuma ta ba da santi 20 na dalar Amurka a kan kowace allura, abin da bai wuce sefa 120 ko kusa da haka ba. Miliyan 18 ɗin ma ba su isa masu nema ba, sai a Yulin 2023 aka raba su tsakanin ƙasashe 12, har da Nijar da Benin.

Abin da ya sassauta ƙuncin shi ne allura ta biyu, R21, ta Jami'ar Oxford, wadda Halidou Tinto ya jagoranci gwajinta a Nanoro ta Burkina Faso, kamfanin Serum Institute na Indiya kuma yake ƙerawa da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita ranar 2 ga Oktoba na 2023, farashinta na farko dalar Amurka 3.90. An yi ta yayata cewa tana kai kashi 75 cikin 100. Haka ne, a shekarar farko, a wuraren da aka yi ta dab da damina. RTS,S ma idan an yi ta a wannan lokaci kusa da haka take kaiwa, kuma ba a gwada su gefe da gefe a gwaji ɗaya ba, don haka hukumar ba ta fifita ɗaya ba. Abin da ya fi damu na shi ne duka biyun da aljihun wasu ake saye. A Yunin 2025 Amurka ta sanar da dakatar da gudummawarta ga Gavi. Shugabannin Afirka kuwa tun 2001 suka yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya, kuma ƙalilan ne suka taɓa cikawa.

Ko an saya, kai ta hannun yaro aiki ne na injiniyoyi. Allurar tana son sanyi tsakanin digiri 2 da 8. Zafi yana lalata ta, daskarewa ma haka, a garin da zafin Afrilu yake haura 40. Daga ɗakin sanyi na Yamai take tasowa, tafiyar kusan kilomita 300 ta Dosso, ta sauka a firjin gunduma, daga nan zuwa akwatin sanyi a bayan babur. Inda babu lantarki akwai firji mai aiki da hasken rana ba tare da batir ba: da rana yana daskarar da ruwan da ke cikin bangonsa, ƙanƙarar ta riƙe sanyin har gari ya waye. A jikin kwalba akwai ɗan tambari mai duhunta idan zafi ya yi mata yawa, don ma'aikaci ya gani ya jefar. RTS,S kwalba biyu take zuwa a manne, ɗaya gari ɗaya ruwa. Idan aka haɗa su na yara biyu ne, kuma bayan awa shida abin da ya rage zubarwa ake yi. Irin wannan matsala ma bincike yana warware ta. A 2012, a Banikoara ta Jamhuriyar Benin, da ke jiha ɗaya da Malanville maƙwabciyar Gaya, aka nuna cewa allurar sanƙarau ta MenAfriVac tana iya yin kwana huɗu a zafin da ya kai 40 ba tare da ta lalace ba.

Akwai kuma abin da ya keɓanci Gaya, wato iyaka. Malanville tana tsallaken kogi, Kamba ta jihar Kebbi ba nisa. Benin ta fara tata allurar ranar 25 ga Afrilu na 2024. Najeriya ta fara a Disamba na wannan shekara da R21, kuma Kebbi tana cikin jihohi biyun farko, da jadawalin wata 5, 6, 7 da 15. Lokacin da aka ƙaddamar a Gaya gadar da ta haɗa ta da Malanville a rufe take, sakamakon saɓanin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, amma kwale-kwale bai daina tsallakar da mutane ba, zumunta da kasuwa ba su tsaya ba. Mace takan je gida wankan jego ta yi watanni, iyali yakan bi fatauci ko kamun kifi. Yaro zai iya farawa a Gaya da RTS,S, ta huɗunsa ta riske shi a Kamba inda R21 ce a firji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi magana a kan wannan: an fi so a ƙarasa da irin wadda aka fara, amma idan babu ita a ƙarasa da wadda ake da ita, ba a komawa farko. Sai dai ma'aikacin Kamba ba shi da hanyar sanin nawa aka yi wa yaron in ba katinsa ba.

Binciken bai ƙare da isowar allurar ba, yanzu ma ya dawo gida. Manyanmu sun tuna lokacin da Nivaquine take sauke zazzaɓi cikin kwana biyu, sun kuma ga yadda ta daina. Ba da jita-jita aka tabbatar da gazawarta ba. Yara masu zazzaɓi ake ba magani a gaban ido, a riƙa duba jininsu har kwana 28, idan sama da 10 cikin 100 ciwon ya dawo musu, ƙasa ta sauya magani. Nijar ta koma haɗin artemisinin a 2005, kuma Gaya tana cikin wuraren da masu binciken cibiyar CERMES ta Yamai da hukumar yaƙi da cutar suke zuwa auna ƙarfin magani. Aikin yana da muhimmanci yanzu fiye da da, tun da an tabbatar ƙwayar ta fara jure wa artemisinin a Ruwanda da Uganda da Eritiriya. Haka allurar take buƙatar ido. Yara nawa suka dawo ta huɗu? Ɗakin kwantar da yara ya ragu a watan Satumba ko bai ragu ba? Amsar tana cikin rajistar da ma'aikacin cibiyar lafiya yake cikawa da biro, a gajiye, bayan layi ya watse. Idan ya cika ta daidai, shi ma mai bincike ne, kuma ya cancanci albashinsa a kan lokaci.

Roƙona ga ma'aikatar lafiya shi ne ta riƙa fitar da lissafin Gaya kowace shekara, mai daɗi da marar daɗi, a karanta a rediyo da Hausa da Dandanci da Zabarmanci, domin mutanen da suka miƙa ƴaƴansu su ne suka fi cancantar jin sakamako. Ke kuma uwa, da kai uba mai ba da izini da kuɗin babur, ku cika allura huɗun, musamman ta ƙarshe da ake yawan mantawa. Ku adana katin a leda, ku tafi da shi duk ƙasar da kuka tsallaka. Kada ku naɗe sange, kada ku mayar da masu rabon maganin damina daga ƙofa don an yi wa yaro allura. Ranar da jikinsa ya yi zafi kuma, a kai shi a gwada jininsa a wannan yini, kada a kwana.